Jini a Bakin Burushi: Kumburin Dasashi da Yadda Za Ki Kula da Shi

   Yau maganarmu a cikin baki take, a kan wannan naman da ya riƙe haƙora, wanda muke kira dasashi, wasu kuma su ce dadashi.

Bari in fara da tambaya. In kin goge baki da safe kin tofar, kin taɓa ganin kumfar makilin ɗin ta yi ja-ja? Ko kin gatsa ɗanyen mangwaro ko rake, kin ga sawun jini a jiki? Da yawa daga cikinmu za su ce ai wannan ba komai ba ne, burushi ne ya yi tauri, ko kuma zafi ne ya yi yawa a jiki. To 'yar uwa, lafiyayyen dasashi ba ya zubar da jini don an goge shi. Da a ce kullum kika wanke hannu sai jini ya fito a gefen farcenki, ai ba za ki kwana ba ki nemi magani ba. Haka ya kamata ki ɗauki jinin dasashi. Alama ce ta kumburi, kuma abin farin ciki shi ne a wannan matakin ana warkewa sarai, galibi da abin da ke cikin ɗakinki. In aka yi sakaci ya wuce nan, akwai ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Me ke kawo kumburin?

Ki shafa harshenki a kan haƙoranki da yamma, kafin ki goge baki. Za ki ji wani abu mai santsi ya lulluɓe su. In kin kankara da farce, sai ki ga fari-fari ne mai danƙo. Mutane kan ɗauka ragowar abinci ce kawai, amma mafi yawansa ƙwayoyin cuta ne da suka taru suka manne. Kowane baki yana da su, na mai kuɗi da na talaka, kuma sa'o'i kaɗan bayan kin goge suke fara taruwa. Inda suka fi son zama shi ne daidai wurin da haƙori ya haɗu da dasashi, da kuma tsakankanin haƙora.

In wannan dauɗa ta daɗe a wurin, jiki zai tashi yaƙi da ita. Sai ya turo jini da yawa zuwa dasashin, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, naman ya kumbura ya yi laushi. Shi ya sa da an ɗan taɓa sai jini.

An gwada wannan a aikace. A shekarar 1965, a ƙasar Danmak, wani masanin haƙori mai suna Harald Löe da abokan aikinsa suka samu matasa masu lafiyayyen dasashi, suka ce su daina goge baki kwata-kwata. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 kowannensu dasashinsa ya kumbura. Da suka koma goge baki yadda ya kamata, cikin kamar mako guda kumburin ya sauka. Kin ga ke nan, dauɗar ce ke kawo shi, cire ta kuma shi ne magani.

Sai dai akwai wani abu. Ke da kike tuƙa tuwo kin san bambancin tukunyar da aka wanke nan take da wadda aka bari ta kwana da ƙanzo. Dauɗar haƙori ma haka take. In ba a goge ta ba, cikin 'yan kwanaki sai ta fara haɗuwa da gishirin da ke cikin yawu ta daskare, ta zama ƙanzo mai tauri kamar dutse, launin rawaya ko ruwan ƙasa, wani lokaci har baƙi. Ki duba bayan haƙoranki na gaba na ƙasa, nan ya fi taruwa. Ƙanzon tukunya ana jiƙa shi ya fita, amma na haƙori burushi ba ya cire shi, aswaki ma haka, sai ma'aikatan haƙori da kayan aikinsu. Kuma saboda yana da kaushi, sabuwar dauɗa ta fi saurin kama shi.

Yadda za ki gane shi

Ki tsaya gaban madubi inda akwai haske, ki ɗaga leɓenki. Lafiyayyen dasashi yana da tauri, ya kama haƙori gam, ya shiga tsakanin haƙora da ɗan tsini. Launinsa ya danganta da fatar mutum. Mu baƙaƙe da yawanmu dasashinmu yana da duhu ko dabbare-dabbaren baƙi, wannan halitta ce, kada ya dame ki. Abin dubawa shi ne bakin dasashin. In ya yi ja, ya kumbura yana ƙyalli, tsinin nan ya zama kamar ɗan ƙullutu, yana jini in kin goge, ga kuma warin baki da ba ya tafiya ko kin tauna kanumfari ko kin sha minti, to kumburi ne.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne yawanci ba ya ciwo. Mu kuwa an san mu, sai haƙori ya hana mu barci muke tuna asibiti. Mace za ta shekara biyar tana tofar da jini ba ta damu ba, tunda ba ta jin zafi.

In an bar shi fa?

Haƙori ba a cikin nama kaɗai yake tsaye ba. Saiwarsa tana cikin ƙashin muƙamuƙi, wasu ƙananan zaruruwa sun ɗaure ta. In kumburi ya daɗe, a wurin wasu mutane sai ya gangara ƙasa. Dasashi ya saki haƙori, wani ɗan rami ya buɗe a tsakaninsu, ƙwayoyin cuta su shige inda burushi ba ya kaiwa. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya dinga zaizayewa a hankali. Sai ki ga haƙora sun yi tsawo saboda dasashi ya janye, ruwan sanyi yana sa su tsami, giɓi yana buɗewa inda da babu, wani lokaci ruwan mugunya yana fita, a ƙarshe haƙori ya fara girgiɗi ya faɗi, alhali ko rami babu a jikinsa.

A wannan matakin likita zai iya tsayar da ciwon, amma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa yadda yake. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna da wannan ciwo mai tsanani, wato sama da mutum biliyan 1. Yawancin tsofaffinmu da muke gani ba haƙora, muna cewa tsufa ne, wannan ciwon yana cikin manyan abubuwan da suka raba su da haƙoransu.

Mai juna biyu, ki matso kusa

Akwai lokutan da dasashin mace ya fi saurin kumbura: lokacin balaga, gab da zuwan al'ada ga wasu, sai kuma babban cikinsu, lokacin goyon ciki. Sinadaran jikin mace suna canzawa, sai dasashi ya zama ɗan dauɗa kaɗan ma ta isa ta kumbura shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mata 60 zuwa 75 cikin 100 masu ciki suna samun wannan kumburi. Yakan fara daga wajen wata na 2, ya fi tsanani wajen wata na 8, sannan ya yi sauƙi bayan haihuwa. Wata ma har wani ɗan tsiro ja yake fito mata a tsakanin haƙora, mai saurin jini. Ba ciwon daji ba ne, galibi yakan motse bayan an sauka, amma a nuna wa likita ya tabbatar.

Za ki ji ana cewa kowace haihuwa da haƙorinta take tafiya, wai jariri ne ke tsotse ƙarfin haƙoran uwa. Jariri ba ya ɗibar komai daga haƙorinki. Abin da ke faruwa shi ne laulayi ya sa kin daina goge baki saboda burushi na tayar miki da zuciya, ga kwaɗayin kayan zaƙi, ga amai, ga dasashi yana jini kin ji tsoron taɓa shi. Wata tara a haka, sannan ga jego, ai dole baki ya ji jiki. Ki yi wannan sau bakwai ko takwas, sai a ɗora wa haihuwa laifi.

In burushi na sa ki yunƙurin amai, ki nemi mai ƙaramin kai irin na yara, ki canza makilin in ƙamshinsa ne ba kya so, ki zaɓi lokacin da zuciyarki ta kwanta. In kin yi amai kada ki goge nan take, domin tsamin ciki yana tausasa bayan haƙori. Ki kurkure da ruwa, ki jira kamar minti 30 tukuna. Sannan ki sani wankin haƙori a asibiti ba ya cutar da ciki. An fi jin daɗin yin sa tsakanin wata na 4 zuwa na 6, lokacin laulayi ya lafa, ciki kuma bai yi nauyi ba. Ki faɗa wa likita kina da ciki, kuma ranar awo ki gaya wa malamar asibiti cewa dasashinki na jini.

Sauran abubuwan da ke ƙara rura shi

Ciwon sukari da ciwon dasashi abokan tafiya ne. Sukarin da bai daidaita ba yana sa dasashi saurin lalacewa, ciwon dasashi mai zurfi kuma yana sa sukari wuyar sauka. In ke ko maigida ko Hajiya kuna da sukari, a sa duba baki cikin abubuwan da ake zuwa asibiti dominsu.

Taba kowace iri ce tana ɓata dasashi, sigari ko shisha ko ta gari da ake cusawa a leɓe. Mai shan sigari ma abin ya fi yaudararsa, domin hayaƙin yana matse jijiyoyin jini, sai jinin ya ɓuya alhali ɓarna na ci a ƙasa. Goro kuma yana rina haƙora, ragowarsa tana maƙalewa a tsakani, don haka mai cin sa ta riƙa kurkure baki bayan ta gama.

Wasu magunguna suna sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙora, kamar nifedifin da amlodifin na hawan jini, da fenitoyin na farfaɗiya. In kin ga haka kada ki daina shan maganinki da kanki, ki koma wurin likitan da ya rubuta miki. Ƙarancin bitamin C shi ma yana sa dasashi jini. Alhamdu lillahi ba sai an kashe kuɗi da yawa ba: gwaiba, lemon zaƙi, mangwaro, tumatir, tattasai, zogale da garin kwalba da nono na 'ya'yan kuka duk suna da shi.

Abin da za ki yi daga daren yau

Kuskuren da aka fi yi shi ne, da an ga jini sai a kauce wa wurin. To wurin da ke jini shi ne ya fi buƙatar gogewa, a hankali dai. Ki goge sau biyu a rana, da safe da kuma lokacin kwanciya, kowane karo minti 2. Na dare ya fi muhimmanci, domin in kina barci yawu yana raguwa, ƙwayoyin cuta su samu sarari. Bayan shi kada a ƙara cin komai sai ruwa.

Ki sayi burushi mai laushi. Mu mata muna son mai tauri, muna ganin shi ne ke fitar da datti, kamar muna dirzar gindin tukunya. Mai tauri yana ƙuje dasashi ya sa ya janye. Ki ɗan karkata bakin burushin ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, ki riƙa jujjuya shi kaɗan-kaɗan, haƙori biyu-biyu, ta waje, ta ciki, da saman turame. Ki bi da tsari, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don kada ki tsallake wani wuri. Ki goge harshe. Makilin ya zama mai sinadarin fuloraid, za ki gani a rubuce a jikin kwalin. In kin gama ki tofar kawai, ba sai kin kurkure da ruwa mai yawa ba. Ki canza burushi duk wata 3, ko da zarar bakinsa ya baje. Kowa da nasa a gida, ba a aro.

Aswaki fa? Abu ne mai kyau da muka gada, addini ma ya kwaɗaitar da shi, kuma in an iya amfani da shi yana fitar da dauɗa sosai, na itacen aswaki ne ko na dogon yaro. Matsalar ita ce yadda muke yi: a saƙala shi a baki ana hira, a dirji haƙoran gaba huɗu, shi ke nan. Ki tauna bakinsa ya yi laushi, ki bi kowane haƙori ciki da waje har turame na can ƙurya, ki riƙa yanke bakin da ya tsufa, ki wanke shi ki ajiye a wuri mai tsafta. Mafi kyau ki haɗa biyun, burushi da makilin safe da dare, aswaki da rana.

Tsakanin haƙora kuwa, burushi da aswaki duk ba sa shiga sosai. Akwai zaren sakace da ake sayarwa a kemis da manyan kantuna. Ki zura shi a hankali, ki lanƙwasa shi a jikin haƙori, ki ja sama da ƙasa, sau ɗaya a rana. Ki rabu da tsinken tsintsiya, ashana, allura ko fil ɗin ɗankwali, suna huda dasashi.

Ruwan gishiri yana rage raɗaɗi: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ki kurkure ki zubar, sau biyu ko uku a rana. Taimako ne kawai, ba ya maye gurbin gogewa. Akwai ruwan kurkure baki mai suna kulohekzidin da likita kan rubuta na ɗan lokaci, kamar mako ɗaya ko biyu. In an daɗe ana amfani da shi yana rina haƙora.

Don Allah ki guji dirza gawayi, toka, yashi ko tsagwaron gishiri a dasashi. Kada ki danna ƙwayar asfirin a wurin da ke ciwo, ƙona naman take yi. Masu ɗiga fetur, turare ko ruwan batir, wannan ganganci ne. Haka nan sayen kafso a kemis a sha kwana biyu a bari ba ya cire dauɗar da ta jawo ciwon.

Kwanakin farko jinin zai ci gaba, kada ki karaya. In kin dage, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga ya ragu ko ya tsaya.

Yaushe za ki tafi asibiti?

In kin yi mako biyu kina gogewa da kyau jini bai tsaya ba, ko kin ga ƙanzo a haƙoranki, ki je a yi miki wankin haƙori. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen haƙori, haka ma manyan asibitocin jiha da dama. Wasu na tsoron wai wanki yana sa haƙora girgiɗi ko ya buɗe giɓi. Giɓin dama yana nan, ƙanzo ne ya toshe shi. Tsamin da ake ji bayan wanki kuma na 'yan kwanaki ne. Ko ba kya jin komai, yana da kyau a duba bakinki aƙalla sau ɗaya a shekara.

Amma akwai alamun da ba a jira da su: haƙori na girgiɗi, mugunya na fita, fuska ta kumbura, zazzaɓi, ko wahalar buɗe baki da haɗiya. Haka nan in dasashi na jini da kansa ba a taɓa shi ba, ga haɓo, ga tabon kwanciyar jini a fata, ga kasala da ɗashewa, wannan yana iya zama ciwon jini, a je a yi gwaji ba tare da ɓata lokaci ba.

Bakin yaranmu

A nan nake so ki ba ni hankalinki duka. Akwai wani mugun ciwo da ake kira noma, wanda ke cin kumatu da leɓe da hancin yara, kuma daga dasashi yake farawa. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Farkonsa gyambo ne a dasashi, da jini, da wari mai tsanani, yaro yana dalalar da yawu yana ƙin abinci. Sai kunci ya kumbura. Cikin kwanaki kaɗan naman ya yi baƙi ya ɓurme. In ba a yi magani ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 9 cikin 10 ba sa tsira, waɗanda suka rayu kuma suna tashi da tabon da ke hana su ci da magana da shiga mutane.

Ciwon nan yana nan a yankinmu. Shi ya sa aka buɗe asibiti na musamman dominsa a Sakkwato a 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a watan Disambar 2023. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. In an kai yaro tun yana matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tsayar da shi. Saboda haka duk yaron da ya kwanta ciwo, ki riƙa buɗe bakinsa kina dubawa kullum. In kin ji wari ya canza, kin ga gyambo ko kumburin kunci, a ranar za ki kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kuma tabbatar an yi wa yara rigakafin ƙyanda.

Tsaftar bakin yaro tun yana jariri ake fara ta. Ki naɗe tsumma mai tsafta a yatsa, ki jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce, ki share masa dasashi. Da haƙorin farko ya fito, a koma ƙaramin burushi da makilin ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 a ƙara ya kai girman ƙwayar wake. Ke za ki riƙa goge masa ko ki tsaya a kansa har ya kai shekara 7 ko 8, domin hannunsa bai ƙware ba. A rage alewa, biskit da lemon kwalba, musamman da dare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yar uwa, aikin da na ba ki na wannan mako ba shi da yawa. Yau da dare ki ɗauki madubi ki duba dasashinki, ki duba na yaranki ɗaya bayan ɗaya. In akwai jini, ki ƙirga kwana 14 kina gogewa yadda muka faɗa. In ya tsaya, ki riƙe wannan hali. In bai tsaya ba, ki shirya ki ga likitan haƙori, ki kuma ja maigida ku tafi tare, don shi ma wataƙila yana tofar da nasa bai faɗa ba.